Kafin ka tura jirgi: yadda ake karanta hasashen teku

Asuba ta yi, kana tsaye a bakin gaɓa, ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Kada wannan ya ruɗe ka. Idan iska daga tudu take kaɗawa zuwa teku, gaɓa takan yi tsit, sai ka yi nisa sannan ka ga ainihin ruwan, kuma a dawowa da ita za ka yi ta kokawa.

Buɗe hasashen yanayin teku. Za ka ga tsayin igiyar ruwa, a ce mita 1.5. Yadda ake samun lambar nan, ana ware kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi girma, a ɗauki matsakaicin tsayinsu. Ke nan jefi-jefi wata za ta taso ta kusan ninka haka, wajen mita 3. Da ita za ka auna jirginka.

Kusa da lambar tsayin igiya akwai wata lamba da mutane ke tsallakewa, ni kuwa ita na fi zuba wa ido: daƙiƙa nawa ke tsakanin igiya da igiya. Mita 1.5 a daƙiƙa 12, jirgi a hankali yake hawa ya sauka, har ka ɗaura ƙugiya hannunka bai yi rawa ba. Mita 1.5 a daƙiƙa 5 kuwa, ruwa ne tsaye kamar katanga. Kafin goshin jirgi ya ɗago daga wannan, wata ta maka masa, ruwa ya fara taruwa a ƙafarka.

Iska da not ake auna ta, not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. Da ta kai not 11 zuwa 16, farar kumfa za ta yawaita a kan ruwa. Daga 17 zuwa sama, mai ƙaramin jirgi ya haƙura da kifin ranar. Duba hasashen la'asar ma, iskar teku takan ƙaru bayan rana ta take.

Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakin kogi, inda yashi ya taru zurfin ruwa ya ragu. Idan ruwa na janyewa yana fita, igiya kuma na shigowa, sai su yi karo, igiyar ta miƙe ta karye. A nan har igiyar nan mai daƙiƙa 12 takan zama abin gudu. Ka nemi jadawalin cika da janyewar ruwa, ka tsallaka lokacin da yake cika. Tsaya daga nesa tukuna ka kalli igiyoyi na 'yan mintuna, rigar ceto a jikin kowa, rediyon sadarwa na jirgin ruwa (VHF) a tasha ta 16, wato tashar neman agaji.