Yadda ake shirya injin girbi don aiki a gonar taɓo

Assalamu alaikum manoma da direbobin injin girbi, na Jazira da Sinnar da Gadarif har zuwa Damazin, a nan Sudan.

Baƙar ƙasar nan tamu akwai yaudara. Sama ta bushe ta tsattsage har hannu ya shiga, amma taƙi ɗaya a ƙasa laka ce mai danƙo. A hawashar alkama, wato gonar ban ruwa, an fi gamuwa da haka kusa da hanyoyin ruwan da ake kira Abu Ishirin da Abu Sitta, inda ruwa ke tsiyaya, ko inda aka makara da ban ruwan ƙarshe. A gonakin dawa kuwa, kwari ne ke riƙe danshi bayan tudu ya daɗe da bushewa. Don haka kafin inji ya shiga, a zaga gonar da ƙafa, da rodi a hannu. Duk inda rodi ya nutse ba wahala, a kafa alama.

Abin da ke nutsar da inji nauyi ne. Matsakaicin injin girbi ya haura tan 10 ba komai a cikinsa, tanki mai lita 6,000 kuma idan ya cika da alkama ya ƙara fiye da tan 4 da rabi. Mafi yawan wannan nauyi a kan tayoyin gaba yake. Kafin a kashe ko fam ɗaya, ga gyara na kyauta: a riƙa juye hatsi tun tanki yana rabi, kuma motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin gona inda ƙasa ta yi tauri.

Sai iskar taya, wadda direbobi da yawa ba sa kulawa da ita. Yadda taya ke danna ƙasa kusan daidai yake da iskar da ke cikinta. Tayar da aka cika da iska ta kai bar 2.5 a geji yanka ƙasa take yi, ta nutse. Idan aka rage, tafinta ya shimfiɗu, nauyin ya bazu. Amma ba a ragewa da ka. A duba jadawalin kamfanin tayar, a nemi mafi ƙarancin iskar da za ta ɗauki nauyin injin da kan yanka da hatsi, a auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi. In aka wuce ƙa'ida, gefen taya zai tsage, ko ta zame a kan rim ta tsinke bakin tiyub. Taya mai alamar IF tana ɗaukar nauyi kashi 20 cikin ɗari fiye da ta gama-gari a iska ɗaya, mai VF kashi 40. Kuma in za a hau kwalta zuwa wata gona, a mayar da iskar, domin zafin ƙasar nan ba ya barin taya mai laushi.

Haƙoran taya ma da bambanci. Taya mai alamar R-1 ta gonar tudu ce. R-2, wadda ake sa wa injin shinkafa da rake, zurfin haƙoranta ya kusan ninka na R-1, kuma akwai fili tsakaninsu yadda laka ke faɗuwa da kanta. Wasu na haɗa taya biyu-biyu a gaba. Yana taimakawa, sai dai a lakarmu in ratar da ke tsakaninsu ta yi kaɗan, taɓo zai cike ta, tayoyin su koma dunƙule guda mai santsi. A bar rata, a ɗaura ƙarfen kankare laka, a tabbatar littafin injin ya yarda, don ƙarin faɗi yana wahalar da giyar da ke jikin ƙafa. Bayan awa ɗaya na aiki a sake ɗaure notuna, washegari ma haka.

Ƙafar sarƙa irin ta katafila ita ce ta fi komai, amma tana da tsada. Ga mai girbin shinkafa a Farin Nilu ta cancanci kuɗinta. Mai dawa da kwari biyu ne matsalarsa ba ya buƙatarta. Kada a manta da baya: ƙananan tayoyin sitiyari su ne ke fara huɗa ƙasa su ja inji. A sa masu faɗi.

Wajen aiki, a ɗaga kan yanka kaɗan. Laka in ta shiga ciki, tana toshe rariyar da ke ƙarƙashin gangar sussuka, hatsi ya riƙa bin ƙaiƙayi waje. A yi tafiya a hankali ba tsayawa, ba juyi mai kaifi.

In taya ta fara juyawa a wuri guda, a tsaya nan take, domin ƙara wuta rami yake haƙawa. A juye hatsin, a haƙe lakar bayan tayoyi, a ja injin da baya ta sawun da ya shigo. A ɗaura igiyar ja a wurin da kamfani ya tanada a jikin firam, ba a ƙarfen tayoyin baya ba, don zai iya ɓallewa. Kowa ya matsa nesa da igiyar, in ta tsinke tana kashe mutum. Da yamma a wanke lakar da ke birki da bakin giyar ƙafa tun ba ta bushe ba, in ba haka ba za ta cinye robar da ke tare mai.