Hirar majalisa ta fi lasifika tasiri

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, masu rajista a Jihar Katsina sun kai miliyan 3 da rabi, amma ƙuri'un da aka ƙirga miliyan 1 ne da 'yan kai. Tazarar da Atiku Abubakar ya ba Bola Tinubu a jihar kuwa ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba. Ke nan waɗanda suka zauna gida sun ninka wannan tazara sau ɗaruruwa.

Ba wai ba a yi kira ba. Hukumar zaɓe INEC ta yi, hukumar wayar da kan jama'a NOA ta yi, gidajen rediyo sun yi ta sanarwa, motoci masu lasifika sun yi ta zagaya gari. Gaskiya ne an sha wahalar canjin kuɗi a lokacin, kuma mutumin ƙauyen Batsari ko Jibia da 'yan bindiga suka raba da gidansa ba sanarwa ce za ta kai shi rumfa ba. To, amma mu na cikin gari fa?

Ku je teburin mai shayi a Ƙofar Marusa bayan sallar isha'i. Saurayi ya fito da katinsa na zaɓe yana murna, sai wani babba ya kurɓi shayi ya ce, "Kai yaro, an riga an rubuta sakamako, kada ka sha rana a banza." Shi ke nan, ya mayar da kati aljihu. Wanda ya faɗi haka yayansa ne ko maigidansa, ya san shi, ya yarda da shi. Mai lasifika kuwa baƙo ne, ya wuce. Haka abin yake wajen mata: abin da uwar ɗaki ta faɗa a gidan suna, shi ake bi ranar zaɓe.

Wannan magana ta "an riga an rubuta" tana ci mini rai, domin mai sayen ƙuri'a da taliya da sabulu kaɗai take yi wa aiki. Jama'a na raguwa a layi, cinikinsa na yin arha.

Saboda haka, kafin 2027, masu wayar da kai su sauko daga mota su zauna a kan tabarma. Su nemi liman, malamar Islamiyya, shugaban 'yan Keke NAPEP, su nuna musu yadda na'urar BVAS ke tantance mutum da yatsa ko fuska, da yadda ake ƙirga ƙuri'a a rumfa a gaban kowa. In dattijon nan ya sake cewa an rubuta, a samu wanda zai ce masa, "Baba, mu tsaya a ƙirga a gabanmu."