Ba wanda ya yi tambayar ne damuwata ba, ina kuɗin asibiti?

Jama'a masu sauraro, wani abu ne ya ishe ni. Duk lokacin da 'yan adawa a Majalisar Tarayya suka miƙe suka ce kason da ake ware wa lafiya ya yi kaɗan, kuma ba wani tsari na a zo a gani da aka yi wa iyali, kafin su zauna sai ka ji 'yan kanzagi sun taso, wai siyasa ce, wai zaɓe suke hari, wai su da suka yi shekara 16 kan mulki me suka tsinana. To an ji, ba su tsinana ba. Sai me? Wannan amsar ta taɓa sayen ledar jini ko guda?

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a nan Abuja, a gidanmu fa, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. PDP ta sauka a 2015 ba ta kai ba, APC ta hau har yau ba ta kai ba, ana ta wajen kashi 5 ana dawowa. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a riƙa cire aƙalla kashi 1 daga asusun haɗaka na gwamnatin tarayya domin ƙananan asibitoci, sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Kuma sakawa a takarda daban, sakin kuɗin daban. Wannan fa 'yan adawar suke nanatawa, kuma wallahi ko maƙiyinka ne ya faɗa gaskiya ce.

Ku je ƙaramin asibitin mazaɓa da dare ku gani. Mace na naƙuda, unguwar zoma guda ce, ita ke duba wannan ita ke duba waccan da fitilar waya a baki don ba wuta, a miƙa wa maigida takarda, safar hannu, auduga, reza, ruwan ƙari, allurar tsaida jini, je ka kemis ka sayo, bawan Allah ya fita yana lalube aljihu yana buga wa 'yan uwa waya, in abin ya rikice a ce sai babban asibiti, a shiga neman mota da tsakar dare da kuɗin mai irin na bayan cire tallafi. A wasu ƙauyukan Jibiya da Batsari da Safana ma 'yan bindiga sun sa an rufe asibitin. Kuɗin da gwamnati ba ta saka ba, ai wannan matar ce ke biyansu, wani lokacin da ranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duk faɗin duniya 'yan Najeriya ne. Ƙasa guda! A nan jiharmu kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon 2025, waɗanda aka samu aka kai ke nan, ban da wanda ya cika a bayan uwarsa a hanya. Shi ne za a ce mani siyasa ce? Haba jama'a.

Batun iyali kuma ya fi ba ni haushi. Hutun haihuwa na mako 16 da hutun uba na kwana 14, ma'aikatan gwamnatin tarayya ke morarsu, madalla da su, amma mai ƙosai fa, mai fura, mai surfe, wadda ko arba'in ba ta yi take komawa bakin murhu saboda in ba ta soya ba gidan ba a ci ba? Wace doka ce ta san da ita? Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce dole kowa ya shiga, har da asusun marasa galihu a ciki, to ku zaga unguwarku ku tambayi masu jego nawa ke da kati.

Ba na ƙin yabo in an yi abin yabo. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a Nuwamban 2024, kuma da Amurka ta janye tallafin lafiya a farkon 2025 majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafi. To ashe ana iyawa in an ga dama. Me ya sa sai da Bature ya janye hannu aka tuna?

Su ma 'yan adawar ba zan ƙyale su ba, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ihu a gaban 'yan jarida ba ya isa, kasafin nan ta hannunku yake bi, kuna cikin kwamitoci, tsarin mulki ya ba ku ikon ku kira minista da akanta janar ku ce nawa aka saki, yaushe, ya tafi wane asibiti. Abin tsoron ma kullum raguwa kuke, yau wannan ya sauya sheƙa gobe wancan, in kowa ya koma inuwa ɗaya wa zai yi tambayar?

Mu nan Katsina mazaɓu 361 gare mu, 'yan majalisar jiha 34, ga na tarayya, ga sanatoci uku. Ko na gwamnati ne ko na adawa, duk wanda ya zo gida ɗaurin aure ko ta'aziyya ku tare shi cikin ladabi, ku ce ranka ya daɗe, nawa aka sakar wa asibitin mazaɓarmu a bana, ma'aikata nawa ke kwana a ciki, kuma ina takardar? In ya ce zai bincika, ku ce ya faɗi rana.