Sunan Jami'a da Ƙofar Shigarta

An gabatar da wannan lacca ne a wani zauren taro da ke Tudun Wadan Zariya, a gaban ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu. An kwafo ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamai, da ku 'ya'yana da kuka cika bayan zauren nan, sannunku da zuwa. Na tsaye a bakin ƙofa ku matso, akwai benci a nan gaba.

Kafin mu shigo wani dattijo ya tare ni a waje, ya ce, "Malam, yau dai ka gaya mana gaskiya, wace jami'a ce ta fi kowacce?" Na ce, Baba, ka yi haƙuri sai mun zauna. To ga shi mun zauna. Amma bari in fara da labarin ɗan yayana, domin a kansa na koyi rabin abin da zan faɗa muku.

Yaron nan tun yana ƙaramar sakandare yake cewa injiniya zai zama. Babu rediyon da bai kwance ba a gidan. Ranar rajistar JAMB ya tafi wurin cike fom shi kaɗai, layi har waje, mai danna kwamfutar yana ta sauri. Ya ce masa ai 'yan kimiyya duk Fizis da Kemistiri da Bayoloji suke ɗauka. Yaro ya yarda. Ya yi karatu kamar zai mutu, fitila a kunne har asuba, ya ci maki mai kyau. Jerin sunaye ya fito na farko, na biyu, babu shi. Uwarsa ta fara cewa ai don ba mu da kowa ne. Da aka kawo mini takardar, a tsakar gida nake zaune, kallo ɗaya na yi mata gabana ya faɗi. Babu Lissafi a ciki. Injiniyanci kuwa Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri ake nema. Shekara guda ta tafi a kan layi ɗaya da babu wanda ya karanta, har da ni da nake malami a gidan. Rashin sani, in ji Bahaushe, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Shi ya sa ba zan fara da Amurka ba, da ƙofar gida zan fara. An kafa hukumar JAMB a 1978, jarrabawarta maki 400 ce, darussa huɗu, Turanci dole. A 2024 ɗalibai sama da miliyan 1.8 suka zauna, kusan kashi uku cikin huɗu ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika 10,000 ba a faɗin ƙasar nan. Bayan wannan akwai tantancewar jami'a, wadda kuke kira Post-UTME, akwai kiredit biyar na WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi. Sannan jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne bisa tsari: kashi 45 na zallar cancanta, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda yawancin jihohin Arewa suna ciki. Ke nan yaro ɗaya da maki ɗaya, a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru yana iya shiga ta hanya uku, in ya nemi wata jami'ar da ba ta yankinsa ba, hanyoyin sun ragu. Kuma manyan jami'o'in nan, in ba ka sa su a zaɓin farko ba, da wuya su waiwaye ka.

Iyaye, ku saurari wannan da kyau. Abin da ya sa likitanci yake da wuyar samu ba ƙeta ba ce. Majalisar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa tana yanke wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Haka ake yi wa sashen Shari'a. In guraben sun cika, ko shugaban jami'a ƙaninka ne ba shi da kujerar ba ka. Na ga yarinya ta sake JAMB sau uku saboda mahaifinta ya rantse sai an kira ta dakta, alhali tun shekarar farko makinta ya isa ta karanta wani kwas ɗin da take so. Wannan abin yana ƙona mini rai ƙwarai. Akwai kuma hanyar IJMB, wadda jami'ar nan tamu ta Ahmadu Bello ke gudanarwa, mai kai yaro aji biyu kai tsaye, amma iyaye da yawa kallon ta 'yan faɗuwa suke yi mata. Ba haka ba ne.

Yanzu mu ƙetara. Harvard, wadda aka kafa a 1636, a 2023 mutum sama da 56,000 suka neme ta, ta ɗauki ƙasa da 2,000. Cikin ɗari, ba a ɗauki huɗu ba. Akasarin waɗanda aka mayar kuwa zakaru ne a makarantunsu. A can maki kaɗai ba ya shigar da mutum. Za su duba sakamakonka na shekaru, da jarrabawar SAT, da wasiƙun malamanka, sannan su ce ka rubuta labarin kanka. A nan yaranmu suke rauni, don an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, yabon kai jahilci ne a wurinmu. To ba yabon kai ake nema ba. Yaron da yake kai wa mahaifinsa kaya kasuwar Sabon Gari kafin ya tafi makaranta, da yamma ya koya wa ƙannensa karatu, ya haddace izu talatin a tsakani, yana da abin rubutawa. Shi dai bai san abin faɗa ba ne.

Kuɗi fa? Harvard da Yale da Princeton da MIT suna cikin 'yan ƙalilan da ba sa duba aljihun ɗalibi kafin su ɗauke shi, ko daga wace ƙasa yake, in sun ɗauke shi kuma su cike masa abin da iyayensa ba za su iya ba. Amma kada in zuga ku. Wani bincike da masana tattalin arziki na can suka fitar a 2023, ƙarƙashin Raj Chetty, ya nuna 'ya'yan manyan attajiran Amurka sun ninka na masu matsakaicin hali damar shiga irin waɗannan jami'o'in fiye da sau biyu, ko da makinsu ɗaya. Ɗan wanda ya yi karatu a wurin ma ana ɗaga masa ƙafa a wasunsu. Su ma suna da nasu "ɗan wane".

Ingila tsarinta daban. Oxford da Cambridge suna rufe karɓar takardun digirin farko ranar 15 ga Oktoba, kusan shekara guda kafin a fara karatu, ba a neman su biyun a shekara ɗaya, kuma WAEC kaɗai ba ta isar su. Don haka ga yawancinku, shawarata ita ce ku yi digirin farko a gida, ku fito da sakamako mai daraja, sannan ku nemi na biyu a waje. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan digiri na biyu na shekara ɗaya, da sharaɗin ka yi aiki shekara biyu tukuna, kuma ka dawo gida bayan ka gama. Akwai Commonwealth, akwai Rhodes na Oxford, akwai PTDF namu, na asusun bunƙasa fasahar man fetur. Ba a sayen ko ɗaya. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai samo wa ɗanku gurbi a irin waɗannan wuraren, ku riƙe kuɗinku.

To Baba, na dawo kan tambayarka. Wace ce ta fi? Masu jera jami'o'in duniya kowa da mudunsa. Na Shanghai, wanda ya fara a 2003, yana ƙirga yawan waɗanda suka ci lambar Nobel cikin malamai da tsofaffin ɗalibai. Na QS babban kasonsa tambayar malamai da masu ɗaukar aiki ne, wace jami'a kuke ganin girmanta. Mai suna ya ƙara suna ke nan. Babu ɗaya cikinsu da yake auna ko malamin aji ɗaya yana zuwa aji, ko yana duba rubutun ɗalibi. Ƙungiyar nan ta Ivy League da ake ta ambato, jami'o'i takwas ne, kuma asalinta gasar wasanni ce a tsakaninsu. MIT da Stanford ba sa ciki, wa zai ce sun gaza? Sannan ku ɗauki Azhar ta Masar, mai shekara sama da dubu, ko Jami'ar Musulunci ta Madina da aka buɗe a 1961. Ba za ku same su a sahun farko na waɗancan jerin ba. Amma in yaro zai karanta Hadisi ko Larabci, wane uba ne a zauren nan zai ce Stanford ta fi masa?

Ba ina cewa suna banza ba ne. Suna linzami ne, yana jan mutum. Masana biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun bi sawun ɗalibai a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2002. Sun kwatanta yaran da suka sami gurbi a jami'o'i iri ɗaya, wasu suka tafi mai tsananin zaɓe, wasu suka zaɓi wadda ba ta kai ta ba. Bayan shekaru, abin da suke samu kusan ɗaya ne. Ashe ƙwazon a jikin yaron yake tun kafin ya shiga. Amma akwai waɗanda babbar jami'ar ta ɗaga sosai: 'ya'yan talakawa. Dalili a fili yake. Ɗan mai hali yana da wanda zai buga wa waya. Ɗan talaka kuwa, jami'ar ce take ba shi mutanen da gidansu ba su da su. Saboda haka ku da iyayenku ba su da kowa, ku ne ya fi kamata ku ƙwanƙwasa manyan ƙofofi, kuma ku ne kuka fi jin tsoronsu. Wannan shi ne abin da ya fito da ni daga gida yau.

Kuma ku mutanen Zariya kun fi kowa sanin yadda suna yake samuwa. Kwalejin Barewa a Katsina aka fara ta a 1921, ta zo nan a 1949. Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa, duk ta hannunta suka bi. ABU an buɗe ta a 1962, shekara ɗaya da ta Legas da ta Ife, Ibadan ta girme su da shekara 14. Amma in kun lura, darajar jami'a a sassanta take zaune. Manomin da ke shuka masarar SAMMAZ ko waken SAMPEA, wannan "SAM" ɗin Samaru ce, daga cibiyar binciken aikin gona irin ya fito. Sashen Tarihi ya yi tashe saboda mutane irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman. Zane-zane kuwa tun 1958 ɗaliban Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta sauya fasahar zane a Nijeriya. Mai son tuƙin jirgin sama, ga kwalejinsa nan a garin tun 1964.

Ku tuna Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi, daga nan ya tafi wata makarantar zane a birnin Detroit, wadda yawancinku ba ku taɓa jin sunanta ba. Amma masu ƙera motoci sun san ta, a ƙofar gidansu take. Shi ya san abin da yake so, sai ya nemi inda ake koyar da shi. Kafin ka cike fom, ka shiga harabar ABU ta Samaru ko ta Kongo da ƙafarka, kuɗin mota ne kawai. Ka sami ɗan aji uku a sashen da kake so, ka tambaye shi su nawa ne a aji, ɗakin gwaje-gwaje yana aiki, hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin, waɗanda suka gama bara suna ina. Yaron Legas sai ya yi tafiyar kwana kafin ya ga abin da ku kuke wucewa kullum.

Na ga hannu a sashen mata. Hajiya, bismillah.

Tambayarta ita ce, 'yarta ta ga an ba ta gurbi a wayarta amma ba kwas ɗin da ta nema ba, ta karɓa ko ta ƙi. Hajiya, wannan a shafin ba da gurbi na CAPS ta gani, wanda JAMB ta fara amfani da shi a 2017, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba, hukumar ba ta san da shi ba. Kada ta danna komai a daren nan, kada kuma ta bar shi ya daɗe, don akwai wa'adi. Ku zauna ku tambaye ta ko za ta iya zama da kwas ɗin shekara huɗu, kada ku dogara da cewa za a canza mata daga baya, ba kowa ke samu ba. Ki turo ta da takardunta bayan sallar La'asar, ina nan bakin zauren, mu duba tare. Sauran masu takardu ma su kawo, musamman waɗanda ba su tabbatar da darussansu huɗu ba.