Barewa da shanu: wa ya shafa wa wani cutar?

Ku dubi barewa a daji. Jikinta sumul, tana kiwonta hankali kwance. Amma mai yiwuwa tana ɗauke da tarin fukan shanu, kuma za ta iya daɗewa da shi ba tare da wata alama ta fito ba.

A shekarar 1975 wani mafarauci a jihar Mishigan ta Amurka ya harbe barewa, aka duba aka samu cutar a jikinta. Aka ɗauka tsautsayi ne kawai. Sai a 1994 aka sake samun wata a yankin. Da aka tsananta bincike, ashe cutar ta riga ta samu gindin zama a cikin bareyin dajin. A 1998 ta ɓulla a garken shanu, a shekarar 2000 kuma jihar ta rasa matsayinta na wadda ta rabu da cutar.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, cutar ta shanu ce tun asali. Su suka fara shafa wa bareyi, yanzu bareyi ke mayar musu da ita.

To ta yaya, alhali saniya da barewa ba sa haɗa jiki? Ta abinci. Barewa ta shigo gona da dare, ta ci ciyawar da aka ajiye wa shanu, ta lashi gishirinsu, ta sha ruwa a kwaminsu, ta bar yawu da majina. A lokacin sanyi ƙwayar cutar na iya yin makonni a raye a kan abincin. Gari ya waye, saniya ta zo ta ci.

Nan ne hannun ɗan Adam ya shigo. Mafarauta sun daɗe suna jibge masara da karas a daji domin tara bareyi wuri ɗaya. Dabbar da ta saba kiwo a warwatse sai ga ta baki da baki da 'yan'uwanta a kan tsibi guda. In ana neman hanyar raya cuta, da wuya a samu wadda ta fi wannan.

Haka abin yake a yankin gandun dajin Yaloston, shi ma a Amurka, inda manyan bareyin da ake kira elk ke ɗauke da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. Jihar Wayomin da ke yankin na ciyar da su a wurare na musamman duk hunturu. Idan ɗaya ta yi ɓari a makiyaya, shanu su zo su sansana ɗan tayin da mabiyiyar, shi ke nan.

Jihar Minesota kuwa ba ta yi sanya ba. Da tarin fuka ya ɓulla a shanunta a 2005, ta hana ciyar da bareyi a yankin, ta sa maharba suka rage su har daga jirgi mai saukar ungulu, ta kuma saye garkunan da ke tsakiyar yankin ta kawar da su. Mafarauta da dama ba su ji daɗi ba. A 2011 jihar ta dawo da matsayinta.

A Mishigan, inda cutar ta yi shekaru kafin a farga, har yau makiyaya na kewaye ciyawarsu da dogon shinge, ana kuma karɓar kawunan bareyin da aka farauto domin a gwada su.