Rabon gadon da ba a zuwa kotu

Hauwa: Yaya Bala, tun shekaranjiya 'yan WAEC ke cika mana WhatsApp da tambaya kan maitosis ɗin nan.

Bala: Ai rabon gado ne da ba a zuwa kotu. Tantanin jikin mutum, wato 'yar ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita, kromosom 46 gare shi, su ne ƙunshin bayanan gadon halitta. Kafin ya tsage biyu, sai ya kwafe kowanne tukuna, kaf. Sannan su yi sahu a tsakiya, wasu siraran zaruruwa su ja rabi gabas, rabi yamma, tantanin ya tsuke ƙugu ya rabu. Kowanne ɗa ya tashi da 46 cif.

Sani: Mu gona ɗaya ce, shekara bakwai ana sa rana.

Bala: Da gonar na kwafar kanta ai da tuni an watse.

Sani: Wallahi da baffana sai ya ce kwafin ma nasa ne.

Hauwa: Har da tsohuwar garma, ko?

Sani: Garmar ce ma ta fi tada jijiyar wuya!

Bala: Ku tsaya mana. Bajamushen nan Walther Flemming ne ya raɗa sunan maitosis a 1882, daga kalmar Girkanci mai nufin zare, don abin da ya hango a madubin ƙara girma kamar zare yake. Ku kuma a makaranta saiwar albasa aka ba ku, saboda a can bakin saiwar ake ta rabuwa ba hutu. A ɗora albasa kan kofin ruwa, kwana kaɗan farin gemu ya fito, a yanko ƙarshensa a ɗiga masa rini.

Hauwa: Ni ban ga komai ba sai gashin idona. Na zana abin da ke allo na miƙa.

Sani: Yanzu wa zai ba ɗalibi albasa ya jiƙa? Ka taya buhun ta Aliero ka ji.

Bala: Kai dai. To wannan rabuwar ce ke haɗe maka yankan wuƙa a yatsa. Ranar da birkinta ya tsinke kuwa, tantani ya ƙi daina rabuwa, nan ciwon daji ke...

Hauwa: Yaya, batir na ja. Mayosis fa, mai 23?

Bala: Wancan na ƙwai da maniyyi ne, sai mako mai zuwa.

Sani: Zan gayyato baffana.