Yadda Chicago White Sox Ta Sha Kashi Sau 121 a Kaka Ɗaya

A babbar gasar besbol ta Amurka (wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda), kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kusan kullum daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kuma saboda yawan wasannin ko ƙungiya mai rauni takan tsira da nasara wajen 60. A shekarar 2024, Chicago White Sox ta ci wasa 41 kacal, aka doke ta sau 121, ta karya mummunan tarihin da New York Mets ta kafa na shan kashi sau 120 a 1962. Mets kuwa tana da uzuri, domin a shekarar ta fara shiga gasar, alhali White Sox ce ta lashe rukuninta a 2021 da nasara 93.

Rushewar ta faro ne daga ofis. Ana gab da fara kakar, shugabannin suka sayar da gwanin mai jifan ƙwallonsu, Dylan Cease, ga ƙungiyar San Diego, suna neman matasan da za su amfane su nan gaba. Cikin makonni biyun farko, Luis Robert Jr. da Eloy Jiménez da Yoán Moncada, waɗanda aka dogara da su wajen dukan ƙwallo, duk suka ji rauni, babu kuma wasu nagartattun da aka tanada a madadinsu. A wasa 25 na farko, uku kawai ƙungiyar ta ci.

Daga 10 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta ta yi rashin nasara sau 21 a jere. Kwana uku bayan haka aka sallami koci Pedro Grifol, kodayake da wuya a ɗora masa laifin duka, tunda a tsakiyar wannan masifar ma an ci gaba da rabuwa da 'yan wasa masu amfani, ciki har da Michael Kopech, wanda ya koma ƙungiyar Los Angeles Dodgers ya ɗauki kofin gasar tare da su a shekarar.

Ranar 27 ga Satumba, ƙungiyar Detroit ta doke White Sox da ci 4 da 1, lissafin ya cika 121. 'Yan kallo sun yi ta ihu a wasannin gida a Chicago cewa mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, ya sayar da ita, amma a wannan gasa babu faɗawa ƙaramin rukuni kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa, don haka White Sox ta dawo a 2025 a matsayinta, ta sake shan kashi sau 102.